Yaya Jomsun da Hawa na Goma Sha Biyu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki tare da Yaya Jomsun, kuma na fi sanin tafin takalminta da bayan rigarta a kan fuskarta. Aikinmu ba a yin sa a tsaye. Ita ce a gaba tana rarrafe tana jera soso, ni ina biye da ita da salatif, tun ƙarfe bakwai na safe har a tashi. Sunanta Pyo Jomsun, mutuniyar tsibirin Namhe ce, can ta tashi tana cirar tafarnuwa a gonar mahaifinta. Takan ce tun tana 'yar shekara bakwai take durƙushe, abin da ya canza kawai shi ne da can ƙasa ce a gabanta, yanzu kuwa siminti.

Mu ne masu shimfiɗa soson hana ƙara a dogayen benaye. In an gama zuba kankaren hawa, mu ake kira. Mu share ƙasa, mu ɓamɓare duk wani tudun siminti da ya bushe, mu jera fallayen soso mai kaurin yatsa biyu daga bango zuwa bango, mu bi kowace mahaɗa da salatif. Sannan mu zagaye gindin bango da wani siririn soso, kamar kalmasar bakin zane, don kada daɓen da za a zuba ya taɓa bango ko da a wuri ɗaya ne. In ya taɓa, ko ruwan siminti ya sami kafa ya zurara ya daskare, to an yi wa ƙara gada ke nan, na sama ya taka, na ƙasa ya ji a tsakar kansa. Da mun fita sai masu famfon siminti su shigo su binne aikinmu, a jera bututun ruwan zafi mai ɗumama ɗaki, a sake zuba daɓe, a shimfiɗa katako. Babu mai sake ganin abin da muka yi sai ranar da aka rushe ginin.

Aikin da ba mai gani, kowa ya san yadda ake yin sa, ni ma ba zan wanke kaina ba. Da can kamfani samfurin soso kawai yake kaiwa a gwada, a ba shi takarda. Da rigimar maƙwabta ta ishi hukuma, aka canza ƙa'ida: sai an gama gini a zo da wani ƙwallon roba mai nauyi, a sako shi daga tsayin ƙugu, wasu suna hawan ƙasa da na'ura suna auna ƙarar. Sai dai ba kowane gida ake gwadawa ba, 'yan ƙalilan ake zaɓa. Shugaban rukuninmu, Oga Tak, kullum safiya maganarsa ɗaya ce bayan motsa jiki: "Ku yi shi kamar a nan za a jefa ƙwallo, amma ku gama kafin ƙarfe huɗu." Ban taɓa ganin wanda ya iya haɗa biyun ba, shi ma Ogan ya sani.

Yaya Jomsun ta shigo aikin tana da shekara arba'in da uku, bayan ciwon hanta ya tafi da mijinta. Kafin nan wanke-wanke take yi a wani gidan abinci, ta ce ta gaji da tsayuwa, shi ne ta nemi aikin durƙuso. Ta shimfiɗa soso a gidajen da ba za su ƙirgu ba, amma ba ta taɓa kwana a ko ɗaya ba. Ɗakinta a kan rufin wani tsohon gida yake a garin Suwon, da zafi ya zama tanda, da sanyi ruwa ya daskare a famfo. Na sha ce mata ta nemi wani wuri. Sai ta ce, "Myongja, ni ba kowa a samana sai tattabaru. Ke za ki iya faɗin haka?" Ba zan iya ba, don ni a saman kaina akwai wani dattijo mai jan kujera sai ka ce biyansa ake yi.

Gwiwoyinta sun daɗe da gamawa. Duk wata biyu likita ke zuƙe ruwa daga ta dama da allura. Motsa jikin safe daga ƙugu zuwa sama take yin sa, kuma in za ta wuce, warin maganin liƙawa ne ke riga ta isowa. Ba ta da yawan magana, ba ta da yawan fara'a. In an ba da hutun ƙarfe tara ta juye ƙullin gahawa biyu a kofin takarda ɗaya, ta zauna kan tarin soso, ta miƙe ƙafa ta rufe ido. Kada wani ya ɗauka waliyiya ce a wajen aiki. Tana yi da kyau in akwai lokaci, in babu ta yi yadda kowa ke yi. A 'yan shekarun nan ta ƙaro wata ɗabi'a, wayarta ba ta barin aljihun ƙirjinta, ko tana tsakiyar cin abinci in ta motsa sai ta ɗauka da hannu biyu. Sabbin ma'aikata suna tsokanarta wai saurayi ta yi. Ni na san mai kiran, kuma labarin da zan bayar ke nan.

'Ya ɗaya gare ta, Miran, jika ɗaya, Sodam. Miran da mijinta suna haya a wani tsohon bene da aka gina tun kafin a san da soso, irin wanda in cokali ya faɗi a sama na ƙasa zai iya gaya maka na shayi ne ko na miya. Mutumin da ke ƙarƙashinsu kuwa ko tari ba ya ɗauka. Tun ranar da Sodam ta fara tafiya ya fara kiran mai gadi, mai gadi ya kira su ta wayar bango. Daga nan ya koma liƙa takarda a ƙofa da manyan baƙaƙe: gudumar ƙafa. Haka muke kiran mai taka ƙasa da diddige, kuma in aka liƙa wa gidanka wannan kalma ba ka ƙara ɗaga kai a lif. Sun shimfiɗa tabarmar roba ko'ina, sun kai masa lemo da naman sa lokacin bikin girbi. Ya karɓa, ya ci gaba da zungurar silin da sanda. Sau ɗaya Yaya Jomsun ta je da kanta ta yi masa bayani cewa kankaren ginin ne ba shi da kauri, ta sani don sana'arta ce. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, to tunda sana'arta ce ta zo ta gyara.

Saboda haka kalmar da Sodam ta fi ji a duniya ita ce "ƙafar hankaka", wato ta ɗage diddige ta yi tafiya a kan yatsu. Uwar ta faɗa da safe, ta faɗa da rana, uban ya dawo daga aiki ya ɗora. Yarinya ta koya, ta koya fiye da yadda aka so. Ranar da Yaya Jomsun ta cika sittin muka taru a wani gidan abinci, irin wanda ake cire takalmi a zauna ƙasa. Sodam, lokacin tana 'yar shekara huɗu, ta taso daga wancan ƙarshen ɗakin ta zo wajen kakarta, diddige a sama, ko motsinta ba a ji ba. Mata suka yi ta yabo, wai ga yarinya mai tarbiyya. Yaya Jomsun ta ajiye cokalinta, ba ta sake ɗauka ba. Daga baya ta gaya mini ko a filin wasa haka yarinyar ke tafiya, ko a bakin teku. Likita ya ce jijiyar bayan ƙafarta ta fara gajarcewa, in ba ta koma taka ƙasa da diddige ba wata rana sai an yi mata aiki. Ya ce a bar ta ta riƙa gudu a gida ba takalmi. Miran ta yi dariya a gaban likitan, sannan ta fashe da kuka.

A shekarar ne ƙuri'ar sabon gida ta faɗa kan su Miran, bayan sun nema sau shida. Sabuwar unguwa ce a Asan, ko tushe ba a haƙa ba, amma takarda ta nuna komai: gini na uku, hawa na goma sha biyu, ƙofa ta biyu. Yaya Jomsun ta rubuta lambar a cikin hular kwanonta. Wata goma sha takwas tana bin labarin wanda za a ba aikin soso a wurin. Ranar da ta ji mu ne, ta tari Oga Tak a rumfar cin abinci yana tsakiyar shan miya.

"Oga, aikin Asan ɗin nan, ka sa sunana."

"Yaya, awa biyu ce fa a mota, kuma hawa ashirin da biyar. Da wace gwiwar?"

"Da wadda na yi shekara goma sha takwas da ita. Ka taɓa jin ta kai ƙararka?"

"Ita ba ta kai ba, amma ina jin kukanta tun daga matakala."

"To ka shimfiɗa mata soso. Ka sa sunana, ka sa na Myongja."

Ni ba wanda ya tambaye ni. Na yi ta mita har kwana uku, sannan na sayi sabuwar safa mai kauri.

Muka fara a watan Janairu, cikin sanyin da salatif ke ƙin kamawa sai ka hura masa numfashi. A kowace matakala kafintoci sun fesa lambar hawa da jan fenti yadda suka saba, suna zuba kankare suna ƙirgawa. Da wannan lambar kowa ke aiki, da ita mai tuƙa lif ɗin kaya ke kiran hawa. Muka yi ta hawa, gida huɗu kowace rana, Yaya Jomsun tana ƙirga saura nawa a kai ga nata. Miran kuwa ta riga ta gaya wa yarinyar cewa kakarta ce za ta yi musu ƙasan sabon gida da hannunta.

Sai aka ce masu famfo za su zo ranar Alhamis da sassafe, su zuba hawa na goma sha ɗaya da na goma sha biyu a tashi ɗaya. Kwana biyu ke nan gare mu, ita kuwa ta ƙudurta gidan 'yarta shi kaɗai sai ya ci rabin yini. Rabin yinin nan daga wani wuri za a sato shi, kuma daga na goma sha ɗaya muka sato. Ranar Talata ko hutun gahawa ba mu yi ba. Shara sau ɗaya, tudun siminti in bai kai girman ƙwai ba a bar shi. A ƙofa ta biyu ta wannan hawan, a falo, ƙarƙashin babbar taga, naɗin da ke hannuna ya ƙare.

"Yaya, soson bango ya ƙare. Saura kamar kamu ɗaya a nan."

Ta ɗago ta dubi wurin, ta dubi agogo. Sabon naɗi yana can ƙasa, lif ɗin kaya kuma masu tayil sun riƙe shi tun rana. Hawa goma sha ɗaya ne a ƙafa, sauka da dawowa.

"Liƙa salatif a kai."

"Ba komai a bayansa fa."

"Na gani. Liƙa, Myongja. Kujera za su ajiye a wurin."

"To, Allah ya sa na ƙasa kurma ne."

Ta ɗan murmusa, abin da ba kasafai take yi ba. Na liƙa. Gaskiya daɗi na ji, don bayana ya riƙe tun safe, kuma da ta ce a sauka, ni ce mai saukar.

Abin da na gani ranar Laraba ban taɓa ganin irinsa ba a sana'ar nan. Ta share gidan 'yarta sau uku, ta bi shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ta zauna da ƙaramar guduma ta ɓamɓare duk wani ƙurji a jikin kankaren, sai da tafin hannu ya wuce sumul. Ta cire takalmin aiki ta shiga da safa, a sanyin nan, ta ce ni ma in cire. Kowace mahaɗa salatif biyu. Soson bango ta ɗaga shi sama da yadda ƙa'ida ta nema, ta bi shi kusurwa-kusurwa da yatsa. Wani mai wayar lantarki ya leƙo zai shiga, ta kore shi da tsintsiya. Kafin ta kifa fallen ƙarshe a tsakiyar falo ta ciro alƙalamin da muke sa alama, ta yi rubutu a bayansa. Na leƙa, na ga kalma biyu: Sodam, taka. Ta kifa shi ta liƙe.

Ranar Alhamis ba mu da aiki a hawan, amma ta je. Ta sayi madarar waken soya mai ɗumi ta raba wa masu famfo, ta tsaya a bakin ƙofa tana roƙonsu su riƙe tiyon a hankali, kada su ja shi a kan soso. Suka yi ta yi mata tsiya, wai ko gidan mai kamfani ne. Sai da siminti ya rufe fallen ƙarshe sannan ta zauna a matakala. A mota da za mu koma ta yi barci baki buɗe, kanta a kafaɗata, har Suwon.

Bayan Asan gwiwar dama ta ƙi gaba ɗaya, ta koma aiki kwana uku a mako. An yi gwajin ƙwallo, Oga Tak ya aiko da saƙo cewa gini ya ci. Shekara ɗaya da wata biyu bayan aikinmu aka sa ranar da masu gida za su zo su duba kafin tarewa, kowa da 'yan takardu masu gam yana liƙawa inda ya ga aibi. Yaya Jomsun ta ce in raka ta. Ta je an nannaɗa mata gashi, ta sa kwat ɗinta na zuwa biki. Ni ban taɓa shiga ginin da na yi wa aiki ta ƙofar gaba ba, sai da na goge takalmina sau biyu.

Sodam ta ce ita za ta danna lif. Ta yi ɗage, abin da ba ya yi mata wuya, ta bi lambobin da yatsa tana karantawa: ɗaya, biyu, uku, biyar.

"Mama, ina huɗu?"

"Babu," in ji Miran, idonta na kan takardu. "Kamfanin nan ba ya sa huɗu. Wa zai sayi gida a hawan mutuwa?"

Huɗu da mutuwa furucinsu ɗaya ne a bakinmu, kowa yana kauce masa. Ni kaina ba na ba mutum tuffa huɗu. Wasu gine-ginen harafi suke sawa a gurbinsa, wannan kuwa tsallake shi aka yi gaba ɗaya. Ofis ya sani tun ranar farko, amma wa ke saukowa ya gaya wa masu rarrafe? Kafinta kuma kankare yake ƙirgawa, ba ruwansa da mutuwa. Na fara lissafi da yatsu a cikin aljihu. In babu huɗu, abin da takardar Miran ta kira goma sha biyu shi ne goma sha ɗaya a jan fenti, gidan da muka yi wa gatan ranar Laraba kuwa na maƙwabcinsu ne na sama. Kafin in kai ƙarshe na dubi Yaya Jomsun, na ga ta riga ni. Ta kama ƙarfen lif da hannu biyu.

Da muka fita ba ta bi su cikin gida ba. Ta nufi matakala, ta buɗe 'yar ƙofar da bututun ruwa ke bi, inda masu fenti ba sa wahalar da kansu. Lambar tana nan da ja, ɗaya da ɗaya. Muka tsaya muna kallonta. Daga ciki Miran tana kira, "Mama, zo ki ga aikinki mana."

Ta shiga. Katako yana sheƙi, rana ta cika falon. Ta wuce kai tsaye ƙarƙashin babbar taga, ta durƙusa da kwat ɗin bikinta, ta ƙwanƙwasa gindin bango da yatsa. Ba abin da ido zai gani. Miran ta ce, "Kai Mama, yau ma sai kin durƙusa?" Ta ce, "Na saba ne."

Da yamma a tashar bas ta kira Oga Tak ta gaya masa komai, ta ce a fasa wurin a gyara, ina zaune kusa da ita ina jin muryarsa.

"A fasa? Yaya, katako, daɓe, bututun ruwa, duk a fasa saboda kamu ɗaya? Gini ya ci gwaji, takarda ta fita."

"An jefa ƙwallo a wannan gidan?"

"Ba a jefa ba, kuma ki gode. Ki ja bakinki ki yi shiru, ni ma ban ji komai ba."

Ni ma abin da na ce mata ke nan. Na ce ta saya musu tabarma mai kauri ta sa a wurin, ba wanda zai sani. Ta ce, "Shekara nawa kina aikin nan? Tabarma tana tare ƙarar cokali, ba ta tare diddige." Gaskiyarta ce. Haushi ya kama ni, nata, nawa, da na wanda ya fara tsoron lamba. Na ce ai ni na liƙa salatif ɗin. Ta ce, "Ni na ce ki liƙa." Ba ta dai gaya wa Miran ba, har yau kuwa Miran ba ta sani ba.

Ranar tarewa, a watan Afrilu, Yaya Jomsun ta sa aka yi mata tok, wato wainar shinkafa mai jan wake da ake raba wa maƙwabta in an tare. Mutane sun fara barin al'adar, ita kuwa ta cika faranti biyu. A lif muka haɗu da na sama, sun riga su tarewa da mako guda. Yara uku ne suna ta kokawa, uwarsu tana sunkuyawa tana ba da haƙuri tun ba a ce an ji komai ba. Miran ta ce ai ita ta ɗauka ba kowa a sama, tun safe ko motsi ba ta ji ba. Yaya Jomsun ta miƙa musu farantinsu. Ni da ita kaɗai muka san abin da ke rubuce ƙarƙashin ƙafar yaran nan.

Sannan muka sauka hawa ɗaya, ni da ita. Wata mata ce ta buɗe, za ta yi shekara hamsin, idonta duk ya faɗa. Ta karɓi farantin da hannu biyu, amma tambayarta ta farko ita ce, "Akwai yara?"

"Ɗaya. Mace ce, shekararta bakwai."

"Na sayar da gidana na baya saboda gudumar ƙafa," in ji matar. "Shekara biyar ban yi barcin kirki ba. An ce wannan an gwada shi da ƙwallo."

"An gwada. Uwargida, ki ba ni izini in shiga falonki minti biyu."

Matar ta matsa gefe, ta ba mu silifas. Yaya Jomsun ta kira Miran a waya, ta ce ta taka daga ƙofa zuwa taga, da diddige, yadda mutum ke tafiya in ya manta da maƙwabta. Muka ɗaga kai mu uku. Daga ƙofa zuwa tsakiya abin can nesa-nesa, mutum zai iya zama da shi. Da ta doshi taga sai ƙarar ta biyo bango ta sauko, dum, dum, kamar ana buga ƙofar ɗakin da kake ciki. Na ga fuskar matar ta canza.

"Kin ji," in ji Yaya Jomsun. "Ni na shimfiɗa soson da ke samanki. A gindin tagar can na bar kamu ɗaya ba soso, saboda ina sauri. Yarinyar da ke sama jikata ce, likita ya ce ta yi gudu, kuma za ta yi. Bayan ƙarfe takwas ba za ta yi ba, wannan na ɗaukar miki alkawari. In kin ji ƙara, ba ita ba ce, ni ce. Kada ki kira mai gadi, kada ki liƙa takarda a ƙofarsu. Ga lambata."

Ta rubuta a bayan takardar da aka rufe tok da ita. Sannan ta sunkuya, irin sunkuyon da baya da gwiwa irin nata ba sa so, ta daɗe a haka.

"Haƙurinki zai sa ni barci?" in ji matar.

"Ba zai sa ba. Amma duk lokacin da kika kira zan ɗauka. Ki zage ni son ranki, shekara ashirin ina aikin gini, kunnena ya yi kanta."

Matar ba ta yi dariya ba. Ta dubi lambar, ta ninke takardar ta sa a aljihu. Ban ga laifinta ba, ita ma gajiyayya ce kamar mu.

Da muka hau, masu kaya ba su shigo da kujeru ba tukuna, falon fayau yake. Sodam tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, ba takalmi, diddige a sama.

"Kaka, Mama ta ce ke kika yi ƙasan nan."

"Ni na yi."

"Na ƙasa ba za su ji ba?"

Na kawar da kai, don ban so in ga fuskarta lokacin da za ta amsa.

"Wannan ba aikinki ba ne," in ji Yaya Jomsun. "Taka."

Yarinyar ta dubi uwarta, uwar ta gyaɗa kai. Ta sauke diddigen dama a hankali, ta yamutsa fuska don jijiyar ta ja, sannan ta sauke na hagu. Ta yi taku uku kamar mai tafiya a kan rairayi mai zafi. Ta tsaya ta saurara, ta dubi wayar bango. Wayar ba ta yi ƙara ba. Sai ta tafi taga ta dawo, ta sake tafiya da ɗan sauri, a karo na uku kuwa gudu ne sosai, gudun da ba shi da kyan gani, tana dariya tana haki. Miran ta toshe baki da hannu.

A zagaye na biyar na ji wayar Yaya Jomsun tana motsi a aljihun kwat ɗinta. Ta dafe aljihun. "Ci gaba, ina zuwa," ta ce wa yarinyar, ta ja ƙafarta ta fita wajen matakala. Na bi ta, na janyo ƙofar a hankali na riƙe. Ta zauna a kan matakalar, ta miƙe ƙafar dama, ta ɗauki wayar da hannu biyu.

"E, ni ce," ta ce. "Na sani. Ki yi haƙuri, Uwargida. Ni ce."

Tana magana tana sunkuyar wa bango da kai. A bayan ƙofar da nake riƙe da ita, yarinyar ba ta daina gudu ba.